Tsohon gaskit ya manne: reza, samfefa ko giranda?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum iyayen gidana. Ina neman haske a kan tsohon gaskit (shimfiɗar da ake sawa tsakanin sassan inji biyu don hana yoyo) da ya ƙone ya manne. Sau da yawa in an ɗaga tof silinda (kan injin) na alminiyam, rabin gaskit ɗin ya bi tof, rabi ya zauna a kan bulok (gangar jikin injin), ya yi baƙi ya bushe ƙayau. Wasu sun ce a bi shi da samfefa, wasu sun ce burushin waya a giranda ya fi sauri, wasu kuma sun ce reza kaɗai. Wanne ne daidai, kuma me ya sa? Haka nan gam ɗin botom filet (kaskon mai na ƙasan inji) da gaskit ɗin takarda na famfon ruwa.

Baban Gareji: Wa alaikumus salam. Yarona, kafin ka ɗauki komai a hannu sai ka amsa wa kanka tambaya biyu. Ta farko, wane ƙarfe ne a ƙarƙashin gaskit ɗin? Ta biyu, abin da za ka kankare yana kan injin ne, ko an sauke shi ana iya wanke shi a baho? Amsar waɗannan biyu ita ce ke zaɓa maka kayan aiki, ba taurin gaskit ɗin ba.

In ba ka tabbatar da ƙarfen ba, ɗora maganaɗisu. Ya kama, kas ne (baƙin ƙarfen zubi) ko ƙarfen faranti. Bai kama ba, alminiyam ne, to ka sassauta hannunka. Kas yana jure reza da makankarin ƙarfe. Alminiyam kuwa bakin reza ɗaya da ya karkace ya isa ya tsaga masa layin da ruwa ko iska za su bi.

Sannan kada ka fara kankara sai ka ɗauki hoton fuskar biyu, ka kuma ajiye ragowar tsohon gaskit ɗin. Shi zai gaya maka inda ya fashe: tsakanin silinda biyu ne, ko daga silinda zuwa ramin ruwa. In ka goge shaida ka rasa inda za ka fi zuba ido wajen awo.

Sarkin Giranda: Baba, a gafarce ni, amma zamani ya wuce na zama da reza rabin yini. Akwai ɗan faifan nan na goga da ake ɗaura wa diril ko ƙaramar giranda ta iska, irin na Scotch-Brite. Minti goma fuska ta yi fes tana ƙyalli. Mai mota yana jira, wani aikin yana jira.

Injiniya: Oga Sarki, wannan faifan shi ne abu na farko da zan roƙi Ɗan Koyo ya nisanta da buɗaɗɗen inji. Abin da ke cin gaskit a jikinsa ƙwayoyin alminiyam oksayid ne, irin waɗanda ake yin dutsen wasa wuƙa da su. A ma'aunin tauri na Mohs suna kan 9, lu'ulu'un daimon yana kan 10. Faifan yana juyawa yana zubar da su, suna tashi su sauka a ramukan da mai ke komawa ƙasa, a bangon silinda, a bayan ringi.

Yanzu duba lissafin. Ratar da ke tsakanin karanshaf da metal (ɓawon ƙarfe mai taushi da karanshaf ke juyawa a cikinsa) ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba a yawancin ƙananan motoci. Filtar mai kuwa ƙwayoyin da suka kai kusan maikron 20 zuwa 30 (maikron dubu ne milimita ɗaya) take kamawa da kyau, ƙanana suna wucewa. Ga shi kuma in inji ya yi sanyi mai ya yi kauri, bawul ɗin kewaye na filta yana buɗewa, mai ya wuce ba tacewa. Ƙwayar ta shiga ta nutse a cikin taushin metal, ta zauna nan tana yankar karanshaf a kowane juyi. Mota za ta bar gareji lafiya lau, bayan ɗan lokaci ta dawo tana noki, a ce ai man juye ne ba shi da kyau. General Motors sai da ya fitar wa makanikansa takardar gargaɗi a kan wannan faifan saboda injinan da suka mutu bayan an canja musu gaskit.

Sarkin Giranda: To in an toshe ramukan da tsumma fa?

Injiniya: Tsumma yana tare ɓarɓashin gaskit, ba ya tare ƙurar da ido ba ya gani. Kuma lokacin da kake zaro tsumman, abin da ya taru a kansa yana zubewa cikin ramin da ka toshe ɗin.

Mai Shafe Tof: Bari in ƙara da abin da ke zuwa kan injin shafewa, wanda ke daidaita fuskar tof. Tof ɗin da aka bi da faifai ana gane shi daga nesa: yana ƙyalli kamar sabo, amma ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo ka haska fitila ta baya sai ka ga haske yana ɓullowa ta ƙarƙashi. Faifan yana da laushi, saboda haka yana nutsewa inda ƙarfe ya yi siriri, ya fi cin gefen ramukan ruwa da 'yar gadar da ke tsakanin silinda da silinda. Wurin da ya kamata ya zama mai kaifi sai ya zama gangare. Daidai nan kuma zoben ƙarfen gaskit yake zama ya riƙe wutar silinda. A kan alminiyam, 'yan daƙiƙoƙi a wuri ɗaya sun isa su cinye milimita 0.05, kuma wannan shi ne iyakar lanƙwasar da littattafan Toyota da dama suka yarda da ita a tof gaba ɗayansa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sarkin Giranda: Na ji ta alminiyam. Amma botom filet na ƙarfen faranti da aka sauke, ko murfin tof na ƙarfe, kada ku ce mini shi ma reza.

Baban Gareji: A'a, nan kana da gaskiya. Farantin ƙarfe da aka sauke, a yi nesa da injin, a sa masa burushin waya, ba laifi. Sharaɗin shi ne a wanke shi da kananzir, a bi da ruwan sabulu, a busar da iska, a duba lungunan da ke ƙarƙashin farantin da ke hana mai tambal-tambal, domin nan gashin waya yake maƙalewa. Kuma a sa tabarau, gashin burushi yana tsinkewa ya yi tsalle.

Tunda an zo kan farantin: in ka gama gogewa, shafa yatsa a kan ramukan noti. Za ka ji yawancinsu sun turo sama ta ɓangaren gaskit, saboda wani ya ɗaure su fiye da ƙima yana neman tsayar da yoyo. Ɗora gefen a kan katako mai faɗi, ka dinga ƙwanƙwasa kowane rami da ƙaramar guduma har ya koma daidai. In ba haka ba sabon gaskit zai matse a bakin noti kaɗai, tsakani ya zauna sako-sako. Ƙananan notin nan masu kan lamba 10 ba sa son fiye da kusan niyuton-mita 10 a sifanar awon ɗauri.

Ɗan Koyo: Na gode Baba. To rezar, yaya ake riƙe ta a kan alminiyam kada ta yi rauni?

Baban Gareji: Fara da makankarin roba mai tauri ko na tagulla, ka ɗebe manyan ɓaraguzan. Abin da ya rage sai reza mai baki ɗaya, sabuwa, a cikin mariƙinta. Kafin ka fara, goga kusurwoyinta biyu a kan dutse su dakushe kaɗan, don kusurwa ce ke tsaga ƙarfe, ba tsakiyar baki ba. Kwantar da ita sosai, kamar digiri 20 zuwa 30 daga fuskar, ka tura a hankali da gajeren zango, bakin duka yana taɓa ƙasa. In ka ji ta ciji, tsaya, kada ka ƙara ƙarfi. Ja baya ka zo wa wurin ta wata fuska. Da ka ga farin gashin ƙarfe yana naɗowa a bakinta, to alminiyam kake yanka ba gaskit ba.

Reza tana dakushewa da wuri a kan gaskit mai garafayit, kuma dakusasshiya ita ce ke sa mutum ya danna. Tof ɗaya yana iya cin reza biyar ko fiye. Canja ta da zarar bakin ya yi gibi.

Ga ragowar siririn da ya ƙi, miƙar da rezar tsaye cak a kan fuskar ka ja ta baya, tana karce sama-sama. A haka ba ta iya nutsewa.

Mai Shafe Tof: Alkiblar turawa ma tana da muhimmanci. A kewayen silinda, bi da'irar, kada ka tura daga bakin silinda kai tsaye zuwa ramin ruwa ko na mai. Karcen da ya bi da'ira gaskit yana iya rufe shi. Karcen da ya haɗa rami da rami kuwa hanya ce ka buɗe.

Ga bulok na kas akwai makankari mai bakin kabayid, faɗinsa kamar yatsa biyu. Yana aiki ƙwarai, bakinsa a miƙe yake, ba ya dakushewa. Masu hannu suna amfani da shi a alminiyam ma, amma ba zan ba ɗan koyo shi ya fara da tof ɗin mutane ba.

Bakanikiya: Duk kun tsallake matakin da ke rage rabin wahalar, wato jiƙawa. Gaskit busasshe ba a faɗa da shi. Akwai maganin fesawa na cire gaskit, Permatex da CRC da Loctite duk suna yi. A ɗebe abin da zai ɗebu da makankarin roba tukuna, don maganin ba ya ratsa kauri. A fesa, a bar shi minti 10 zuwa 15, a kankare abin da ya yi laushi, a sake fesawa. Zagaye biyu ko uku ne, ba ɗaya ba. In wuri yana da zafi maganin yana bushewa kafin ya yi aiki, sai a rufe shi da leda.

Takardar famfon ruwa da ta gidan tamostat tana jin wannan magani sosai. In babu shi, tsumma da aka jiƙa da tina ko asiton a shimfiɗa a kai yana taimakawa, musamman in da gam mai ruwan ƙasa aka manna takardar.

Amma a kula: yana cin fenti, yana cin roba, yana kumbura sil. Kada ya gangara kan sil ɗin bawul ko na karanshaf, kada ya taɓa soket ɗin waya. Tsofaffin irinsa masu metilin kulorayid sun fi ƙarfi, sun kuma fi haɗari, domin jiki yana mayar da tururinsa iskar kabon monoksayid a cikin jini. Amurka ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai wannan sinadari tun 2019. A karanta jikin gwangwani, a yi aikin a sarari, a sa safar hannu.

Ɗan Koyo: Anti, na ji ana cewa soda mai ƙuna ma tana narkar da shi.

Bakanikiya: Tana narkar da shi, tana kuma narkar da tof ɗin. Soda tana cin alminiyam, za ka ga yana kumfa yana yin baƙi, kumfar nan iskar haidurojin ce mai kama wuta. A kas kaɗai ake amfani da ita, shi ma bayan an cire duk wani abu na alminiyam da metal ɗin kamshaf. Ƙanina, ka bar ta.

Mai Dizal: Zafi fa? Bindigar iska mai zafi tana sassauta tsohon gam da gaskit na kok sosai. A dinga yawo da ita, kada a tsaya wuri ɗaya, zafin da hannu zai kasa taɓawa ya isa. Wutar gas ta walda kuwa ban yarda da ita a kan alminiyam ba: ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, kuma daga wajen digiri 200 na Salshiyas ya fara rasa taurin da aka gasa masa a masana'anta. Tof ɗin da ya yi laushi zoben gaskit yana nutsewa a cikinsa, noti su saki.

Injiniya: A ƙara da wannan, don magana ce ta rai. Kada a haɗa zafi da maganin fesawa. Mai kama wuta zai kama. Wanda ba ya kama wuta kuma, irin maganin wanke birki mai kulorin, in ya haɗu da harshen wuta ko walda yana rikiɗewa ya zama fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kaɗan ya isa ya lalata huhu. Ko zafi ko magani, a zaɓi ɗaya, in za a koma ɗayan a wanke a bari ya bushe sarai.

Sarkin Giranda: To samfefa fa? Kun kashe mini faifai, ku bar mini samfefa mana.

Mai Shafe Tof: Ya danganta da inda za ka sa ta da abin da ke bayanta. Samfefa a tafin hannu ko a kan yatsa ba ta da bambanci da faifai, rami take yi. Ga ƙananan kaya da aka sauke, kamar gidan tamostat ko murfin famfon ruwa, shimfiɗa mai lamba 400 a kan gilashi mai kauri, ka jiƙa ta, ka dinga juya kayan a kai kana zana lamba 8. Wannan gyara ne mai kyau, yana ma fito da inda ya lotsa. Sai a wanke.

A kan bulok da fistin ke ciki kuwa ni ban goyi baya ba, dalilin da Injiniya ya faɗa ne: yashinta zai sauka bayan ringi.

Baban Gareji: Nan zan ɗan saɓa maka, Malam. A bulok na kas da gaskit irin na da, mai kauri mai taushi, in tsatsa ta yi tudu a bakin ramukan ruwa, reza ba ta ɗauke ta duka. Samfefa mai laushi a naɗe a kan dogon ƙarfe miƙaƙƙe, da ɗan mai a kai don ya riƙe yashin, shafa kaɗan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, makanikai sun daɗe suna yi injin yana zaman lafiya.

Mai Shafe Tof: Baba, a wancan gaskit ɗin na yarda, yana da naman da zai cike ƙananan karce. Matsalar ita ce yaran yanzu injinan da ke zuwa hannunsu masu gaskit ɗin MLS ne, faranti uku zuwa biyar na ƙarfe siriri da ɗan shafen roba a kai wanda bai kai kaurin gashi ba. Wannan yana son fuska mai santsi ƙwarai, kusan maikron 0.8 a ma'aunin kaushin fuska na Ra ko ƙasa da haka. Karcen da tsohon gaskit zai haɗiye, shi ba zai iya ba. In yaro ya koyi samfefa a tsohon inji zai kai ta kan sabo.

Baban Gareji: Wannan kuma gaskiya ne. Sauƙin abin shi ne MLS ba ya barin nama a fuska, baƙin shafen nan kawai yake bari, shi kuma magani da makankarin roba sun ishe shi.

Injiniya: Dalilin da ya sa na garafayit yake shiga jiki haka shi ne alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na kas. Kullum inji ya yi zafi ya huce, tof yana ɗan gogawa a kan bulok, garafayit yana cusuwa cikin layukan da injin shafewa ya bari. Shi ya sa bayan an gama kankara ake ganin inuwar gaskit ɗin a zane a fuskar. Nan ne mutane da yawa suke ɓata aiki, suna bin inuwa suna son ƙarfe ya yi fari.

Gwajin mai sauƙi ne: rufe ido, ja farce a kan wurin. Farce ya tsaya, akwai saura. Ya wuce sumul, tabo ne kawai, a bar shi.

Ɗan Koyo: Allah ya saka da alheri. Akwai kuma wanda tun rabuwar ce matsala, an kwance noti duka amma murfin ya ƙi ɗagowa.

Mai Dizal: Abu na farko, kada ka yarda an kwance duka. Ƙirga ramukan sabon gaskit, ka ƙirga notin da ke hannunka. Murfin tamin da botom filet suna da noti masu ɓuya a ƙarƙashin datti, ko waɗanda suke shigowa ta baya daga ɓangaren giyabos. Wasu tof ɗin ma suna da ƙananan noti a gaba, cikin gidan sarƙa, ban da manyan. An fasa murfi da yawa saboda noti ɗaya.

In ka tabbatar, ƙwanƙwasa gefe da gudumar roba, a kaikaice ba daga ƙasa ba. Duba da kyau za ka ga masu ƙera injin sun bar 'yan kunnuwa a gefen murfin, an yi su ne don a sa ƙarfe a ɗaga. Nan kaɗai ake banƙara. Sukundireba a tsakanin fuska biyu haramun ne a aikin nan. Botom filet da aka manna da gam kuwa akwai wuƙar yanka gam, siririn baki mai lanƙwasa, a buga ta ta shiga a kusurwa, sai a dinga bugunta a gefe tana zagayawa tana yanka. In babu, siririyar wuƙar fenti da aka dakusar da kusurwoyinta tana yi.

Tof kuma ku tuna yana zaune a kan ƙusoshin saiti guda biyu, ba ya zamewa gefe sai an ɗaga shi ya wuce su.

Sai wani gargaɗi ga masu taɓa injin mai silib (bututun silinda da ake iya zarewa) da ke cikin ruwa, irin na Peugeot 504 da manyan dizal da yawa. A waɗannan, in ka ɗaga tof kai tsaye yana iya jan silib ya taso, sil ɗin ƙasa ya motsa, ruwa ya dinga sauka cikin mai bayan an haɗa. Kuma muddin tof yana ƙasa, kada a juya karanshaf sai an danne silib ɗin da manyan washa da gajerun noti.

Bakanikiya: Maganar juya karanshaf ta kawo mu kan kare silinda. Ga yadda ake yi a injin da ba mai silib ba: a juya fistin su tsaya tsakiya, a shafa giris siriri a kewayen kan kowane fistin inda ya haɗu da bango, a cusa tsumma mai tsabta marar zare a sama. Ramukan mai a toshe su da tsumma ko tef, kuma a ƙirga adadin da aka sa, a rubuta. Ana kankara ana bin bakin reza da injin zuƙe ƙura in akwai. Iskar kwamfuresa ba ta da amfani a wannan mataki, tura dattin take yi ciki. Bayan an gama, a zare tsumma a hankali, a juya inji fistin ya sauka, giris zai bar zobe a bango ɗauke da dattin, a goge, a maimaita har tsumma ya fito fari, a shafa man juye.

Mai Dizal: Ramukan manyan noti kuma su ne wurin da ake son iskar. Ruwa da mai da ɓarɓashi suna taruwa a ciki lokacin ɗaga tof. Ramin a toshe yake ta ƙasa, ruwa kuma ba ya matsuwa, in ka ɗaure noti a kansa ko dai sifanar awo ta yi ƙara alhali tof bai matsu ba, ko bulok ya tsage. A rufe bakin ramin da tsumma a hura da siririn bututu har ƙasa. Haƙoran ramin a bi su da tsohon noti da aka tsaga masa layi biyu a tsaye, yana kwaso datti ba tare da ya ci ƙarfe ba. Noti ya shiga da yatsa har ƙasa, in ya tsaya a hanya ba a gama ba. Notin da ake ƙara wa juyi na wasu digiri bayan sifanar awo ta yi ƙara kuma yawancinsu suna miƙewa ne, littafi ya ce a canja to a canja.

Masu dizal, ku duba gefen tsohon gaskit kafin ku yar. A injina kamar 1.9 TDI na Volkswagen akwai huda ko tsaga ɗaya, biyu ko uku, alamar kaurinsa ce gwargwadon yadda fistin ke leƙowa sama da bulok. Sa siriri inda ake son mai kauri, fistin ya gaisa da bawul.

Ɗan Koyo: Gam ɗin silikon da ya rage a fuska fa, dole sai an cire duka? Wasu suna ɗora sabo a kai.

Bakanikiya: Dole. Tsohon gam ya sha mai, sabo ba ya kama shi. Reza ta ɗebe na sama, na cikin kwarin da ke tsakiyar fuskar a bi shi da tsinken roba ko ƙaramin burushin tagulla na hannu, ragowar a murza da busasshen tsumma mai kaushi, yana naɗewa ya fita. A ƙarshe a goge da asiton ko maganin wanke birki har fuskar ta bushe ƙayau. Fetur da kananzir suna barin maiƙo, ba su isa goga ta ƙarshe ba. A kula da man da ke gangarowa daga cikin bulok bayan an goge, ɗigo ɗaya a kusurwar baya ya isa ya buɗe yoyo, saboda haka a bar injin ya tsane, a sake gogewa dab da sa gam.

Layin gam kaurin milimita 2 zuwa 3 ya isa, ya bi ta gefen ramukan noti da ke fuskantar cikin inji, a haɗa cikin mintunan da aka rubuta a jikin kwalin. Abin da ya fito waje in an ɗaure, irinsa ya fito ciki, na cikin kuma shi ke tsinkewa ya toshe rariyar famfon mai. Tunda botom filet yana ƙasa, a leƙa rariyar, sau da yawa za a tarar da gam ɗin wanda ya yi aikin baya a ciki.

Murfin tof da manifol na roba kuwa ba a kai musu reza ko magani. Gaskit ɗinsu a cikin kwari yake, in ya bushe yana karyewa gutsi-gutsi, a ɗan ɗumama shi a ɗago da tsinken roba.

Injiniya: Ɗaya ta lafiya. Gaskit ɗin tof da na manifol ɗin salansa a tsofaffin motoci, musamman na kafin shekarun 1990, da yawa akwai asbestos a ciki. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru da yawa take bayyana. A jiƙa shi kafin a kankare, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, kada a kai masa giranda ko iska.

Mai Shafe Tof: Bayan tsabta sai awo, kuma awo ba ya yiwuwa sai fuska ta fita sarai, don ɗan saura zai ɗaga ƙarfen ya ba ka ƙarya. Ƙarfen awo na gaskiya ake so, ba rula ba. A ɗora shi a tsaye ta gefe biyu, a kwance ta ƙarshe biyu, sannan kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, ana gwada zura fila geji (siraran ganyen ƙarfe na auna rata) a ƙarƙashi, musamman tsakanin silinda na tsakiya inda zafi ya fi taruwa. In babu littafin injin a kusa, abin da aka saba bi a mai silinda huɗu shi ne kada ya wuce milimita 0.10 a tsawo da 0.05 a faɗi. A auna bulok ma, ba tof kaɗai ba.

Ƙananan ramukan da ruwa ya ci a alminiyam, waɗanda ke fitowa in an daɗe ana zuba ruwa zalla a lagireto, in a gidan tamostat ne ana iya cike su da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu a shafe. In sun taɓa inda zoben silinda ke zama, sai injin shafewa. Shi ma yana da iyaka: kowane tof yana da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda, wuce shi yana ƙara matsi yana kuma jirkita tamin a injin da kamshaf ke sama. Wasu tof ɗin dizal ma masu ƙera su sun ce ba a shafe su sam.

Sarkin Giranda: Shi ke nan, faifai ya koma kan farantin ƙarfe da bakin salansa. Amma ku faɗa wa yaron ya canja mai bayan aikin, don ko da reza ce wani abu sai ya faɗa.

Baban Gareji: Ƙwarai. Kafin a tayar, a juye tsohon man, don ruwan lagireto yana sauka ciki lokacin ɗaga tof. Wasu suna zuba ɗan sabon mai ta ramukan sama ya wanke hanya ya fita ta ƙasa kafin su mayar da notin juye. Sabon mai, sabuwar filta, a tayar ya yi zafi har fanka ta kama, a duba yoyo. In aikin ya yi datti da yawa, a sake juyewa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Ɓangaren ruwa ma a wanke shi, don ɓarɓashin da ya faɗa ramukan ruwa yana tafiya ya toshe siraran bututun lagireto da na hita, ko ya maƙale a bakin tamostat ya hana shi rufewa.

Ɗan Koyo: Baba, ƙusoshin saitin nan biyu, a cire su kafin kankara ko a bar su?

Baban Gareji: In sun fito da sauƙi, cire su, don gindinsu ne wurin da saura ya fi ɓuya, kuma saura a nan yana hana tof zama. Zura noti ko bakin diril mai daidai da ramin cikinsu kafin ka kama da filaya, kada su lotse. In sun ƙi, bar su, ka zagaye gindin da tsinken tagulla. Kafin ka ɗora tof ka tabbatar biyun suna kan bulok, ba ɗaya ya bi tof ɗin zuwa wajen shafewa ya ɓace a can ba.